Baƙin Hunturu: 'Yan Ci-ranin da Ke Tsallako Sahara Su Sauka a Bakin Koginmu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya.

Yau bakin kogi za mu je. Mutanen Gaya da Ajingi, yau a gidanku muke, amma sai mun fara zagayawa ta can ƙarshen duniya tukuna, ku yi haƙuri da ni.

Bari in fara da wani ɗan labari. Ina aji huɗu na firamare, wani kawuna masunci da ke zaune a wani ƙauye ta wajen Ajingi ya nuna min wani abu da yake ajiyewa a gwangwanin madara tare da ƙugiyoyinsa. Ɗan zobe ne na farin ƙarfe, da kyar zai shiga yatsan jariri, an rubuta lambobi da haruffan boko a jikinsa. Ya ce a ƙafar wata 'yar agwagwar ruwa ya ciro shi, wadda ta faɗa masa a raga. Mutanen gari suka kasu biyu. Wasu suka ce tsuntsuwar aljanu ce, kada a ci. Wasu suka ce wani ne ya yi ɗaurin asiri ya sake ta. Shi dai Kawu ya sa aka soya masa abarsa, ya ajiye zoben.

Sai da na girma na gane ashe wasiƙa ce. Wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya kama tsuntsuwar nan, ya auna ta, ya rubuta rana da wuri a littafinsa, ya sa mata zobe mai lamba, ya sake ta, yana fatan duk wanda ya same ta ya aiko masa da labari. Wasiƙar ta iso. Amsa ce ba ta koma ba. Gwangwanin ma daga baya ambaliya ta tafi da shi.

To me ya sa mutum zai yi wannan wahala?

Saboda an daɗe ba a san inda tsuntsaye ke tafiya ba. Da can a Turai, idan sanyi ya shigo tsuntsaye suka ɓace, har masu ilimi cewa suke wai tsattsewa cikin taɓon tafki take nutsewa ta yi barci sai ɗumi ya dawo. A 1822, kusa da wani gari da ake kira Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai da wani dogon mashi soke a wuyanta. Da aka duba icen mashin, sai aka ga na Afirka ne. Wato wani maharbi a nahiyarmu ya jefe ta, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin ta tsallake hamada da teku har ta isa gida. Har yau gawarta na nan a ajiye a Jami'ar Rostock. Sannan a 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba. Daga nan aka soma haɗa taswirar tafiyarsu, zobe ɗaya bayan ɗaya.

Mu kuwa a ƙasar Hausa ba mu taɓa shakkar cewa tsuntsu na tafiya ba. Kowane yaro ya san shamuwa. Idan ta sauka ta fara ɗaukar kirare tana gini a kan kuka ko tsamiya, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Idan kaka ta yi, ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, daidai lokacin da shamuwa ke tafiya, wasu baƙin ke isowa daga arewa. Su ne 'yan ci-ranin da nake son mu yi magana a kansu.

Yanzu mu leƙa inda wasunsu suke fitowa.

Can arewa da Sikotlan akwai tarin tsibirai da ake kira Shetland. Babu itatuwa sosai, sai ciyawa, duwatsu, tumaki da iska. A watan Yuni rana na kai kusan awa 19 a sama, dare ma ba ya yin duhu na sosai. Ku yi tunanin azumi ya faɗo a wannan lokaci. Tsakanin Shetland da wasu tsibiran da ake kira Orkney akwai wani ɗan ƙarami, Fair Isle, tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba, mazaunansa ba su kai ɗari ba. Amma mutane na tara kuɗi shekara guda, su hau ƙaramin jirgin sama ko jirgin ruwan da ke sa mutum amai, don kawai su je can su kalli tsuntsaye.

A 1948 wani mutum, George Waterston, ya buɗe gidan lura da tsuntsaye a tsibirin. Aikin gidan ba wani abin mamaki ba ne idan ka ji shi. A lokacin ƙaura, kullum ma'aikata su raba tsibirin, kowa ya bi hanyarsa a ƙafa, ya ƙirga abin da ya gani, da daddare a zauna a rubuta. Gobe ma haka. Shekara da shekaru. Gobara ta cinye ginin a 2019, amma ƙidayar ba ta tsaya ba. Wannan littafin ne dukiyarsu. Da shi za su iya gaya maka cewa wani tsuntsu yanzu yana isowa da wuri fiye da zamanin kakanninsu, wani kuma ya ragu.

Kada ku ɗauka mutanen tsibiran nan tun asali 'yan kallo ne. Sun ci tsuntsaye fiye da yadda muke ci. Mutanen St Kilda, wani tsibiri da ke yamma da Sikotlan, da naman tsuntsayen teku da ƙwansu da mansu suka rayu, suna sauka da igiya a jikin dutse suna kamowa, har zuwa 1930 da aka kwashe mutum 36 da suka rage. Akwai kuma wani babban tsuntsun teku da ba ya tashi, wanda aka yi ta kashewa don nama da gashi har ya zama sai ɗai-ɗai. A watan Yunin 1844, a tsibirin Eldey na ƙasar Aisilan, aka kashe mace da namiji na ƙarshe da aka sani suna kwanci, don a sayar wa mai tara kayan tarihi. Shi ke nan, irin ya ƙare a duniya. Na kawo wannan ne don wani ya daina jin kamar Turawa da tausayin tsuntsu aka haife su. Asara suka yi, suka koyi ƙirga.

To, mu dawo gida.

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa ta wajen Tamburawa, su zama kogi ɗaya ya ratsa Wudil, ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja. Mu muna ce masa kogin Wudil, a taswira kuwa kogin Haɗeja ne. Idan ruwa ya ja baya daga watan Oktoba, sai tudun yashi su fito a tsakiyarsa kamar tsibirai, gefe kuma ga fadamu da kududdufai da gonakin rani. Wannan shi ne masaukin baƙi.

Na farko da nake so ku nema ba ma a ruwa yake ba. A gonar da aka girbe za ka gan shi, ko a fako, tsaye a kan hoge ko kututturen kara. Bai fi gwara girma sosai ba, launin ƙasa-ƙasa, yana tsayawa a miƙe kamar soja, ya ɗan rusuna, ya ruga ya cafki ƙwaro. Idan ya tashi sai ka ga fari fat a ƙugunsa, da baƙi a ƙarshen jela. Turawan Ingila na ce masa wheatear, kuma asalin sunan, ku gafarce ni, farin ɗuwawu yake nufi. Mu kira shi farin-ƙugu don mutunci. Irinsa ne ke yin sheƙa a ramukan duwatsun Fair Isle da Aisilan da Girinlan. Nauyinsa wajen giram 25, wato ledar fiya wata ɗaya ta yi nauyin guda ashirin. A wani bincike da aka buga a 2012, an ɗaura wa wasu 'yar na'ura, aka gano na Alaska suna ratsa Rasha da ƙasar Larabawa su sauka gabashin Afirka, kusan kilomita 14,500 zuwa kawai. Ɗaya daga arewacin Kanada kuma ya tsallaka Tekun Atilantika ya gangaro yammacin Sahel, wajen Muritaniya. Abin da yaro ke auna wa danƙo a bayan gari ke nan.

Na biyu, bi garken Fulani ko na shanun gari zuwa mashaya. Ban da balbela, za ka ga wasu 'yan siraran tsuntsaye masu ruwan ɗorawa a ciki suna yawo a tsakanin ƙafafun shanu, jela na ta lilo sama da ƙasa. Ƙwarin da shanu ke tayarwa suke bi. Daga Turai suke. Idan watan Maris ya kama sai su duƙufa ci, su tara kitse, don gabansu akwai hamada ta kilomita 1,500 zuwa 2,000 da babu abinci. Kitsen nan shi ne man tafiyarsu. Wanda bai samu ƙwari isassu a fadamarmu ba, a cikin rairayi zai faɗi.

Na uku, a gonar shinkafa da bakin taɓo. Garke-garke na wasu masu dogayen ƙafafu da matsakaicin baki, launin toka, ba wani kyau. Sunansu a littattafai ruff. A nan ba za ka ba su ko kallo biyu ba. Amma idan suka koma arewacin Turai da Saiberiya, mazan sai su fito da wata geza a wuya kamar an naɗa musu amawali, wani fari, wani baƙi, wani ja, su taru a fili suna rawa mata na zaɓe. Kwalliyar a can suke yin ta, mu kayan aiki muke gani. Daidai ɗan ci-rani, sai ya koma gida yake sa shadda.

Sai agwagin ruwa. Kirinjijiya da ɗinya namu ne, nan suke shekara. Amma a cikinsu za ka ga wata ƙarama wadda namijinta ke da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya. Wannan baƙuwa ce daga Turai da Rasha, kuma ina kyautata zaton irinta ce ta faɗa ragar Kawu.

Babban masaukinsu na gaba da mu kaɗan, inda kogin nan namu ke bazuwa ya zama dausayin Haɗeja da Nguru. An rubuta nau'in tsuntsaye sama da 300 a wurin. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi. Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe suka biyo baya a 2008. Ruwan da ke ciyar da su kuwa ta ƙofar gidanmu yake wucewa.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Tsuntsu ya zo, tsuntsu ya tafi.

Ga wani abu da ya faru. A 1969 masu ƙirga a Birtaniya suka jira dawowar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya saba cika musu shinge, sai suka ga fiye da kashi biyu cikin uku ba su dawo ba. Aka duba gida ba a ga dalili ba. Da aka bi sawu, sai aka gano ruwa ne bai sauka ba a Sahel, inda tsuntsun ke cin rani. Farin nan shi ne ya ci gaba har ya kai ga bala'in 1973 da dattawanmu ke ba da labari, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Wato littafin wani mai kallon tsuntsu a Ingila ya nuna alamar masifar da ke tunkaro mu shekaru kafin ta kai maƙura. Tsuntsu na saurin nuna halin da ƙasa ke ciki, ga wanda yake ƙirgawa.

Kogin namu ma ya canza. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa Gorge a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha, wannan ba a musu. Amma ambaliyar da ke shimfiɗuwa a dausayi duk shekara ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan har da rani a inda da yake ƙafewa. Wannan ya yi wa kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja, ta cinye gonaki da wuraren su. Cikin kacallar nan janbaki ke kwana, shi kuma janbaki manomin shinkafa da gero ya san shi. Ba zan zo nan in ce wa wanda janbaki ya share wa gona ya ƙaunaci tsuntsu ba. Abin da zan ce kawai, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shamuwa fara take ci. Balbela da farin-ƙugu da masu bin shanun nan ƙwari suke ci. Feshin da ake yi wa janbaki kuwa ba ya tambayar suna.

Ku tambayi duk wanda ya haura hamsin, yaushe rabon da ya ga ungulu a mahauta? Da har korarsu ake. A 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin kai da ƙafafunta don magani na cikin manyan dalilai a yankinmu. Gauraka fa? Ana ce mata tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, amma yau ka fi saurin ganinta a gidan wani attajiri da a fadama. Babu wanda ya rubuta ranar da ungulu ta ƙarshe ta bar kasuwar garinku. An wayi gari ne kawai babu.

Yanzu ɓangare na biyu na abin da masu zuwa tsibiran can suke yi, wanda ni ya fi burge ni: tsintuwa a gaɓa. Bayan iska mai ƙarfi, mutum ya fita yana bin bakin teku a hankali, ido a ƙasa, yana duba abin da ruwa ya kawo. A tsibiran yammacin Sikotlan ana tsintar wasu manyan 'ya'yan itace masu tauri da suka taso tun daga yankin Karibiyan, igiyar ruwa ta ɗauko su dubban kilomita. Mutanen da suna riƙe su kamar laya. A Aisilan, inda itace ke wuya, gungumen da koguna suka kwaso daga Saiberiya teku ke kawo musu, da shi suka yi gini da jirage. A 1850 guguwa ta yaye yashi a Orkney, sai ga wani ƙauye na dutse, Skara Brae, mai shekara wajen 5,000. Yanzu kuma abin da teku ya fi kawowa roba ce. A 1997 wata kwantena ta faɗa teku kusa da Ingila da 'yan kayan wasan Lego kusan miliyan biyar, har yau ana tsintar su.

Mu ba mu da teku, amma muna da kogin da ke cika ya janye duk shekara, ya bar layin shara a inda ya tsaya. Bi wannan layin wata safiya a watan Nuwamba. Za ka ga ƙumba, wadda iyayenmu mata ke kankare ƙwarya da tukunya da ita. Ga katantanwa, wadda muka yi wasa da ita muna yara. Ga ƙwallon goruba, ga gashin tsuntsu, ga sawun guza da jelarsa ta ja layi a tsakiya, ga sawun zalɓe mai yatsu dogaye. Wani lokaci inda gaɓa ta zabtare sai ka ga tsingaro mai zane irin wanda ba a yi yanzu. Ku tuna ƙasar Gaya tsohuwar ƙasa ce. Tarihin baka na cewa daga Gaya maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi neman tama har suka zauna a Dala. Don haka idan ka ci karo da tsohuwar tukunya ko kashin maƙera a jikin gaɓa, kada ka haƙe. Ɗauki hoto, riƙe wurin a ka, ka sanar da mai gari, in da hali labari ya kai gidan tarihi na Gidan Makama a Kano. Abin da aka cire daga mazauninsa rabin labarinsa ya tafi.

Sannan ga ɗaya tsintuwar, wadda ba ta da daɗi: ledar fiya wata, silifas wari ɗaya, gorar lemo, yagaggiyar raga, da robar maganin feshi da aka wanke a ruwan da ake sha. Wannan ma karatu ne. Duk abin da Kano ta zubar a kwata, da abin da masana'antu suka saki a kogin Challawa, ta nan yake bi. Wanda ya ƙirga robobin da ke cikin taku ɗari na gaɓa bana, ya sake ƙirgawa baɗi, ya riƙe hujjar da ba kowa ke da ita ba.

Kuma a nan giɓin yake. A can arewa, tsuntsun da ya yi wata huɗu ko biyar yana kiwon 'ya'ya, an san ranar zuwansa, an san ƙwai nawa ya yi. Ya zo nan ya yi wata biyar ko shida, kusan ba wanda ya rubuta komai. Ba wai ba a taɓa yi ba. A 1981 R. E. Sharland da Roger Wilkinson sun buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, lokacin Jigawa ma tana cikin Kano. Amma ku lissafa shekarun. Yanzu akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jos, wadda ake kira APLORI, kuma tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, ana son 'yan sa-kai su shiga su rubuta abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ba sai kana da digiri ba. Ɗan Kademi ko Toranke ko Balare da ke zuwa lambu kullum ya fi baƙon da zai zo daga birni sau ɗaya a shekara damar cike gidansa.

Yaya ake farawa? Da littafi na naira kaɗan da biro. Fita bayan Asuba zuwa hantsi, ko bayan La'asar. Sa kaya marasa haske, bar rana a bayanka, nemi wuri ka zauna shiru minti ashirin. Tsuntsayen da suka gudu za su dawo. Rubuta kwanan wata, wuri, abin da ka gani da adadinsa. Wanda ba ka san sunansa ba, kwatanta shi: girmansa kamar kurciya ko kamar zabo, bakinsa, ƙafarsa, yadda yake tafiya. Manhajar Merlin kyauta ce, tana taimakawa da hoto. Madubin hangen nesa na da amfani amma yana da tsada, mutum huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. 'Yan'uwa mata da ba sa samun zuwa kogi, bishiyar tsakar gida ma wurin ƙidaya ce, kuma wadda ta rubuta ranar saukar shamuwa shekara biyar a jere ta yi aikin da masana ke nema.

Abu mafi daraja kuwa, ku zauna da tsofaffin masunta da maharba. Sun san sunan kowane tsuntsu, sun san watan zuwansa, sun san wanda aka daina gani. Littattafan Turanci ba su da wannan. Ka ce, Baba, wancan mai dogon baki me kuke ce masa? Ka rubuta yadda ya faɗa, da sunan garin, don suna na bambanta daga gari zuwa gari.

Sai gargaɗi, kuma wallahi da gaske nake. A wannan zamani na rashin tsaro, saurayin da aka gani yana leƙe da madubi yana rubutu a bakin gona zai iya shiga matsala kafin ya yi bayani. Fara gaida masu lambu, ka je wurin mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, kada ka je kai kaɗai, kuma a gida a san inda kake. Kada ka shiga ruwa don ka kai ga tudun yashi. Ramukan masu ɗiban yashi ba a ganin su daga sama, kuma ruwa na iya ƙaruwa idan an saki madatsa. Ruwan kwance mai dodon koɗi shi ke ɗauke da tsargiya, kada ka yi ta wanka a ciki. Mataccen tsuntsu kuma ba a taɓa shi da hannu. Irin murar tsuntsayen da ta kashe dubban tsuntsayen teku a Shetland a 2022, a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da shi a Afirka, a farkon 2006. Idan ka ga sun mutu da yawa a wuri ɗaya, sanar da malaman dabbobi.

Idan kuwa Allah ya sa ka ga zobe a ƙafar tsuntsun da mafarauci ko masunci ya kama, kada ka tsorata shi da maganar hukuma, gobe ba zai nuna maka ba. Roƙe shi ka ɗauki hoton zoben ta kowane gefe yadda lamba da sunan da ke jiki za su fito, ka rubuta rana da garin da aka kama shi, ka aika wa mutanen APLORI. Su sun san yadda za su sada shi da waɗanda suka sa zoben, kuma bisa al'ada ana maido wa wanda ya aiko da bayanin inda aka sa shi da shekarar.

A tsakiyar watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, tun 1967 ake yin ta. Mu ma in sha Allahu za mu fita a makon, mu zauna a bakin kogi ta wajen Ajingi da littattafanmu. Duk mai sha'awa ya fara tun yanzu, ya zo da abin da ya rubuta, da sunayen da ya samo a wurin dattawan garinsu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.